Kofin La'asar na Surukina

Allah ya karɓi abinsa. Surukina, mahaifin mijina, ya rasu a ɗakinsa da ke unguwar Ka'akiyya a Makka da yamma, aka sallace shi a Harami washegari, maza suka kai shi makwancinsa. Mu mata muka zauna a gida muna karɓar gaisuwa. Takalma sun cika matakalar bene, har mutanen shiƙƙar sama, gidan da ke samanmu, sai sun tsallaka suke wucewa.

Gaisuwar mutuwa a nan iri biyu ce. 'Ya'yanmu da aka haifa a Makka sukan shigo a tsaye, su dafa kafaɗarki su ce, "Azzamallahu ajrakum, ya khala," su kurɓi gahawa su fita. Tsofaffin da suka zo daga gida kuwa sai sun zauna sun miƙe ƙafa, sun jera miki "ya haƙuri" har kin gaji da amsawa, sannan su shiga ba ki labarin mamacin kamar ba ke kika yi jinyarsa ba. Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa Baba ya yi rabo. Ya mutu a Makka, alhazan duniya sun yi sahu a bayan gawarsa, me ya rage? Wata ta ce ita da za a yi mata musanye da ta karɓa a take. Wata 'yar Sakkwato da ba ta iya riƙe bakinta ta ce, "Mutumin kirki na, Allah shi jiƙai nai. Amma dai ko ruwa bai taɓa miƙa ma mutum ba." Ta kusa da ita ta mintsine ta.

Kowacce kuma, kafin ta tashi, sai ta rage murya ta yi tambayar da ta kawo ta: "Ya samu cikawa da kalma?"

Ƙanwarsa, wadda muke kira Gwaggo, ita ke amsawa. "Ya faɗa. Da kunnena na ji." Sai a yi ta hamdala, wasu har da hawaye. Gwaggo ba ƙarya ta yi ba, abin da ta ji ta faɗa. Ni ce na zauna a ɗakin bayan ta fita.

A garin nan ba a rubuta suna a kan kabari. Mijina yana Kano, an kwashe shi don rashin takarda aka mayar da shi gida tun shekarun baya, ta waya ya ji mutuwar ubansa. 'Ya'yana Larabci suke karantawa, Hausarsu ta cin abinci ce da neman kuɗin mota. In ban rubuta ba, nan gaba kaɗan abin da zai rage na Baba shi ne tsohon nan da ba ya miƙa wa mutane ruwa. Sunansa ba zan kama ba, ban kama shi yana raye ba.

Maganar 'yar Sakkwato gaskiya ce. Na zo gidan ina amarya, na iske tsoho dogo, fes da shi, kullum farcensa a yanke, rigarsa ko ta tsufa ba za ki ga lanƙwasa a jikinta ba. Keken tsofaffin alhazai yake turawa tsakanin Safa da Marwa, a lokacin da ba a matsa wa marasa takarda ba. Zai ɗauko jarkar Zamzam a kafaɗa tun daga inda ake tara ta har saman benenmu. Amma ya buɗe ta ya zuba wa wani a kofi, wannan ba ya yi. A garin da kowa ke rububin shayar da baƙon Allah don lada, shi sai ya harɗe hannuwa a baya. Na taɓa kwanciya da zazzaɓi, babu kowa a gida sai ni da shi, na roƙi ruwa daga bayan labule. Ya jawo jarka har bakin ƙofa, ya ajiye kofi a gefenta, ya juya baya. Da ya ji na kasa ɗaga ta, sai ya sauka ƙafa ba takalmi a kan kwaltar azahar ya kirawo maƙwabciya. Na daɗe ina jin haushin wannan. A raina na ce girman kai ne irin na tsofaffin da suke ganin matar ɗa baiwa ce.

Sana'ata zoɓo da kunun aya. Ina haɗawa a kicin, shi yana ɗakinsa ƙofa a rufe, sai in ji muryarsa: "'Yar nan, cittarki ta gaza." Ko kuma, "Sukari ya danne tsamin." In ɗanɗana in ji haka ne, in yi tsaki a ciki. Wata rana na kasa haƙuri na ce ta bayan ƙofa, "Baba, ko dai kana sha ne in na juya baya?" Ya yi 'yar dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. "Mai haɗi ba ya sha," ya ce. "Hanci aka ba shi." Kullum kuma faɗansa da ni a kan ƙanƙara ne, wai ina farfasa ta ƙanana tana kashe mini zoɓo, in bar ta manya. Ban taɓa tambayar kaina inda mai tura keke ya san wannan ba.

Zai zauna a kan matakala ya kankare mini citta, ya tsince zoɓo, ya wanke robobi ya kife su a jere, ya ɗaga kowacce ga haske ya duba. Cikawa ce dai ba ya yi. Lokacin aikin Hajji shi ke ɗaukar mini kular zoɓo zuwa Aziziyya, inda gidajen alhazanmu suke, ya tsaya a bakin layi yana duba hanya. Wata shekara masu kame suka ɓullo ta bayanmu. Kafin in san abin da ake ciki ya ture ni cikin ayarin wasu mata, ya zauna daram a kan kular ya ce tasa ce. Suka tafi da shi da ita. Sai washegari ya dawo, sun sake shi saboda furfurarsa, kular dai ba ta dawo ba. Na durƙusa zan yi godiya ya ce, "Tashi. Ke kina da masu shan nono, ni me nake da shi?"

Rigimarsa da ɗansa ma a kan kofi ta tashi. Akwai wani Balarabe mai shagon kayan gini da mijina ya daɗe yana yi wa aiki, har ya fara maganar zai tsaya masa a nemi iƙama, takardar zama ke nan. Mijina ya gayyato shi gida. Na wuni ina girki. Aka zauna, mijina ya zuba gahawar farko, sannan ya taso ya zo karɓar abinci a wurina. Baƙo ya shanye, ya miƙo finjalinsa ga Baba, ga butar gahawa a gaban gwiwarsa. Baba ya dubi finjalin, ya mayar da hannuwansa baya. Mutumin ya riƙe shi a sama har hannunsa ya gaji. A wurinsu babu wulaƙancin da ya kai wannan. Ya ajiye, ya ce yana da uzuri, ko shinkafar bai gani ba.

Ban taɓa jin mijina ya ɗaga wa ubansa murya ba sai ranar. "Finjali ɗaya, Baba. Gahawa ce, ba guba ba. Haram alaik, ka dube ni, ka dubi yaran nan. Haka za mu ƙare muna gudu in mun ji jiniya?" Baba ya sunkuyar da kai. Maganar iƙama ta mutu daga nan. Suka koma gaisuwar safe kawai, ita ma a taƙaice. Ba su shirya ba har ranar da aka tare motar da mijina ke ciki a hanyar unguwar Shisha.

Bayan tafiyarsa ne Baba ya kira ni. Na zauna a bakin ƙofa na ba shi gefe, yadda aka saba. Ya ce, "'Yar nan, yanzu ba ni da kowa a gidan nan sai ke, dole ki san wanda kike dafa wa tuwo."

Ya ce yana saurayi ya yi aikin boyi a gidan wani Bature mai haƙar kuza a Jos. Matar Baturen ce ta ga yana da tsabta da natsuwar hannu, ta koya masa haɗa musu abin sha na yamma, wiski da barandi a kofi ɗaya. Ya ƙware har Turawan wasu gidaje suna aron sa in suna da baƙi. "Ban taɓa kurɓa ba," ya ce. "Ko ɗigo. Ina sallata, ina azumina. Na ɗauka wannan ya fisshe ni." Akwai wani akawun Baturen, yaro Bahaushe ɗan gidan malamai, da aka gayyata liyafa. Aka ce a haɗa masa. Ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce da ɗaci. "Sai na karɓa na gyara masa, na ƙara zaƙi don ya shiga. Ya kuwa shiga." Bayan shekaru ya gan shi a bakin tasha, ba takalmi, yara suna jifansa. Ba a jima ba aka tsinci gawarsa a kwalbati. A cikin wannan shekarar ya ji mai wa'azi yana cewa da mai sha da mai zubawa da mai miƙawa duk hukuncinsu ɗaya. Ya sayar da abin da ya mallaka, ya ɗauko matarsa da ɗansa da ƙanwarsa suka taho, ya yi wa Allah alkawari a gaban Ka'aba cewa hannunsa ya gama zuba wa ɗan Adam abin sha.

Na ce, "Baba, ai Allah mai gafara ne. Shekara nawa kana nan?"

Ya ce, "Na sani a kai. A nan ne bai zauna ba." Ya dafa ƙirji. Sannan ya faɗi abin da ya kira ni dominsa. "Abu ɗaya nake roƙonki. Ranar da kika ga ido ya juya, ki laƙƙana mini kalmar shahada. In na faɗa, kada ki bari kowa ya ƙara yi mini magana. In na yi wata maganar bayanta, ki sake laƙƙana mini. Kada ki gaji, kada ki ji tausayina. Ita kaɗai nake sa rai da ita." Na ce na ɗauka. Na ɗauka da sauƙi ma, don a lokacin ina ganin wane abu ne mai wuya a nan, mutumin da carbi ba ya barin hannunsa.

Rikicin tsufa ya zo masa a hankali. Ya fara da manta raka'a, ya koma manta sunayen jikoki. Abin da ya ba ni tsoro shi ne ta inda mantuwar ta faro. Ta saman nan ta fara ci, ta cinye Ka'akiyya, ta cinye Safa da Marwa, ta cinye Larabcin da ya koya, tana gangarawa. Shekarun tuban duk suka tafi. Da ta isa Jos sai ta tsaya.

Wata la'asar na fito wanka ban gan shi ba. Na same shi a baƙalar ƙasan gidanmu, shagon wani ɗan Yaman, ya sa farar rigarsa ya ɗora tawul a hannu, yana cewa da Hausa da guntun Turanci a ba shi barandi kwalba ɗaya a rubuta a asusun Masta, wato Baturen nan na Jos. Mai shagon bai fahimta ba, amma akwai yaran Hausawa biyu a wurin da suka fahimta sarai, ɗaya har ya ɗaga waya zai ɗauka. Na fizge Baba na hau da shi. A garin nan, mutum ba takarda, yana kiran sunan giya a bainar jama'a. Washegari ya sake nufar ƙofa a daidai wannan lokaci. Da na kulle sai ya yi ta bugunta yana kuka, wai Madam, matar Baturen, za ta dawo ba a shirya ba, za a kore shi.

Na kira Gwaggo daga Shisha. Ta zo ta gani, ta zauna ta rufe fuska da mayafi. Ta ce, "Ki rufa mana asiri, ki rufa masa. Duk abin da zai zaunar da shi a ɗaki, yi."

Abin da na yi ke nan. Na samo kwalaben man zaitun guda uku na wanke. Ɗaya na cika da baƙin shayi mai kauri da ya huce, ɗaya da ruwan zabibi da na jiƙa na tace, ɗaya da zoɓo mai zaƙi. Na jiƙa kanumfari da ɓawon lemo a 'yar ƙaramar kwalbar turare. Na jera su a kan tire da tambulan, da finjali, da cokali mafi tsawo da nake da shi, da ƙanƙara manya yadda yake so. Na ajiye a gabansa ina jiran ya ce wannan ba shi ba ne. Hancin da ke jin gazawar citta ta bayan ƙofa, yaya za a yi in ruɗe shi da shayi? Ya buɗe kwalbar farko ya sunsuna, ya gyaɗa kai. Hancin ma ya tafi. Na shiga kicin na yi kuka.

Hannun ne bai tafi ba. Mutumin da cokalin kunu ke karkarwa a hannunsa, yana kama finjalin nan sai rawar ta tsaya cak. Yakan fara cika tambulan da ƙanƙara ya ajiye gefe ya yi sanyi. A wani kofin yake haɗin, yana yi yana faɗa a hankali, kamar mai bitar karatu. "Wiski ɗaya. Barandi ɗaya, kada wani ya hau kan wani. Ja ɗaya." Jan shi ne zoɓon. Sai ya ɗiga na 'yar kwalbar, ɗigo biyu, ya ce ɗaci shi ke riƙe su, in babu shi zaƙi zai yi hauka. Ya zuba ƙanƙara, ya sa cokali ta gefen kofin yana juyawa ba ƙara ko kaɗan. "Ba a girgizawa. Mai girgizawa gaggawa yake yi." Yana taɓa jikin kofin da bayan yatsa har sai sanyin ya kai inda yake so. Sannan ya zubar da ƙanƙarar tambulan, ya sa sabuwa guda ɗaya babba, ya tace haɗin a kanta. Ƙarshe ya yanki ɓawon lemun tsami siriri, ya murɗe shi a saman kofin, ya shafa a baki, ya jefa ciki. Ba zan ɓoye ba, abin yana da kyan kallo. Ban taɓa ganinsa cikin natsuwa irin wannan ba, ko a kan sallaya.

Ranar farko da ya gama, ya ɗora a tire ya miƙe ya nufo ni. Ya ɗan rusuna. "Madam."

Na ja da baya har na bugi bango. Uban mijina ne. Ban taɓa cin ko dabino a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ga shi tsaye yana rusuna mini, yana miƙo mini kofi da hannun da ya hana ɗansa iƙama. Na ce, "Baba, ni ce. Matar ɗanka ce." Fuskarsa ta rikice. Gwaggo ta ce daga bayansa, "Karɓi, don Allah." Na karɓa. Ya koma gefe ya harɗe hannu a baya yana kallon bakina, domin shi bai san ɗanɗanon abin da ya haɗa ba, sai a fuskar mai sha yake gani. Na kurɓa. Shayi ne da zabibi da zoɓo, ni na dafa su da hannuna, amma ban taɓa sanin za su iya zama haka ba. Na ce, "Ya yi." Ya saki ajiyar zuciya ya ce, "Na gode, Madam." Ya je ya kwanta ya yi barci kamar jariri.

Haka muka zauna, kowace la'asar. Ana kiran salla a masallacin unguwa, ni ina zaune a kujera ina zama Baturiya. Na tsani wannan sa'ar, kuma ita kaɗai ce sa'ar da yake cikin hayyacin wani abu. Na yi ta gwada shigo da kalmar ta kowace ƙofa. Da safe in zauna kusa da shi in yi ta maimaitawa, ya dube ni kamar ina karanta masa lambar mota. Na kunna masa karatu, ya ce a rage rediyo Masta na hutawa. Na sa masa carbi a hannu, ya ajiye shi a tire gefen cokali.

Sai na ce bari in kai shi inda ya yi alkawarin, ko ganin Ɗakin zai dawo da shi. Na ari keke, ɗana babba ya raka mu, muka shiga da shi har inda zai ga Ka'aba sosai. Na durƙusa gefensa na ce, "Baba, dubi. Ka san nan?" Ya daɗe yana kallo. Idonsa ya bi masu ɗawafi, ya bi benaye cike da mutane, har na ga leɓensa na motsi, na fara murna. Na kai kunne.

"Madam," ya ce, "baƙin nan sun yi yawa. Ƙanƙara ba za ta isa ba."

Daga ranar na daina sa rai, sai dai ban daina yi ba. Na tambayi wani malami ɗan garinmu, ban faɗi ko wane ne ba, na ce wani tsoho ne. Ya ce wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa, a kan abin da ya saba yana da lafiya za a tashe shi. Na ji, na gode masa. Amma ba malamin ne ya zaunar da ni a bakin ƙofa ya ce kada in gaji ba. Kuma wani abu ya riƙa cina wanda ban iya tambayar kowa ba: in an kankare mutum har ƙasa aka iske wannan, to wanne ne shi ɗin? Mijina kuwa in ya kira, sai in ce Baba na barci. Sau ɗaya na haɗa su, ya ce wa ɗansa Masta ba ya nan, a sake bugowa.

A makon ƙarshe ya daina tashi, ya daina cin abinci. Duk da haka la'asar na yi sai idonsa ya shiga neman tire. Ranar da zai rasu na tallafe shi da matasai, na riƙe masa kwalaben yana nuna mini iyaka da yatsa, shi ya juya cokalin da kansa. Ya gama ke nan numfashinsa ya sauya. Na ajiye tambulan a kan kujera ban sha ba, na ƙwala wa Gwaggo, wadda ta dawo gidan taya ni jinya, kira.

Muka sa shi a tsakiya. Na kai baki kunnensa ina faɗa, Gwaggo na faɗa ta ɗaya gefen. Ba ya ko kallonmu. Can Gwaggo ta kama hannuna ta ce, "Ba ya jin 'yar nan, ba ya jin ƙanwa. Madam yake ji. Yi masa da muryar da yake ji."

Na miƙe tsaye a kansa. Allah ya sani ban taɓa jin ƙyamar kaina irin ta wannan lokacin ba. Na daure fuska na ce da ƙarfi, "Saurara. Abin da na faɗa, ka faɗa."

Idonsa ya dawo kaina nan take. "To, Madam."

Na faɗi kalmar shahada. Ya maimaita ta tiryan-tiryan, bai ci harafi ɗaya ba, yadda yaron gida ke maimaita saƙon kasuwa. Gwaggo ta toshe bakinta da mayafi, hawaye na zuba, ta ɗaga mini hannu alamar kada in ƙara ko tari. Ta kashe wayarta ta kashe tawa. Muka zauna shiru. Ya rufe ido, numfashin yana ja yana tsayawa. Da ta ga an jima bai motsa ba, ta raɗa mini cewa bari ta sauka ta sa a kira maza, ta fita a kan yatsun ƙafa.

Ƙarar rufe ƙofar ce ta buɗe masa ido. Ya juya kai a hankali, ya sauke kallonsa a kan kujera.

"Madam ba ta sha ba."

Na bi idonsa zuwa kan tambulan. Na durƙusa na ce, "La ilaha illallah, Baba."

"Bai yi ba ne?"

Kofin yana nan, in na miƙa hannu zan taɓa shi. Na san abin da zai faru in na kurɓa na ce ya yi. Zai ce na gode Madam, ya saki jiki ya rufe ido, kuma ba zai sake buɗewa ba. Wannan ce za ta zama ta ƙarshe. Mutumin da ya ce kada in ji tausayinsa ya san abin da yake faɗa. Na sake miƙewa, na nemo muryar ɗazu, na ce ya faɗi abin da na faɗa. Wannan karon ba ta ci ba. Tsoro ya riga ya cika masa fuska, irin na yaron da ya ɓata aiki yana jiran a kore shi.

"A gyara, Madam? A ƙara zaƙi?"

Na yi ta faɗa, da muryar Madam, da tawa, da kuka. Shi kuma idonsa na kan kofin yana jiran amsa. A haka numfashin ya ja bai dawo ba.

Na rufe masa ido, na ɗaure masa haɓa. Kafin maza su hawo na ɗauki tambulan na kurɓa. Ƙanƙarar ta riga ta narke, ya zama ruwa-ruwa, ba a gane komai. Na wanke, na ɓoye kwalaben a ƙarƙashin gadona.

Alkawarin da na ɗauka na riƙe shi har ƙarshe, bai samu abin da ya roƙa ba. Amsar abin da ya tambaya a ƙarshe kuma kalma biyu ce, "ya yi", tana bakina, na hana shi. Ya tafi a tsorace, kuma ni ce abin tsoron. Wannan baƙin cikin ba na jin zai bar ni, ban ma san ko ina so ya bar ni ba.

Allah ka jiƙan bawanka da ya baro garinsu don tsoronka, ya ɗauki ruwa a kafaɗa shekara da shekaru bai yarda ya zuba ba. Ka riƙe masa wadda ya faɗa da farko, ko da don tsoron wata Baturiya ya faɗe ta. Wanda ya karanta wannan ya taya ni da amin, domin nawa roƙon ba ya fita da ƙarfi.